Hawainiyar da Na Shafe a Ƙofar Gidanmu

Jama'a, duk kuskuren da kuka gani a rubutun nan ku yi min afuwa. Masu ta damuna da "Gathigia, yaya zuwan baƙin ya kasance?" to ga ni na zo. Sai dai kafin na kai ku ranar Asabar ɗin, dole na tona muku abin da na ɓoye, don ba 'yan gidanmu kaɗai na yi wa rufa-rufa ba, har da ku.

Kun san Kaftin Ngurumo. Duk wanda ya tashi a Nairobi ya san shi: jan mayafi a kafaɗa, tsawa a tafin hannu, shekara arba'in da uku yana fitowa duk wata a mujallar zane. Kun kuma san kamfanin ba ya sa sunan masu zanensa, wai sunan Kaftin kaɗai ake so yara su riƙe. Shi ya sa kowane mai zane yake ƙirƙirar 'yar alamarsa ya ɓoye a lungun shafi, wani kifi, wani tsintsiya. Ta babana hawainiya ce. Eh, abin da kuka karanta haka yake. Baba Kiragu na unguwar Umoja, mai rubuta allunan shaguna, shi ne Mai Hawainiya, mutumin da ya zana abin da masoyan Kaftin suke kira Shekarun Benci.

Fitowa goma sha tara a jere Kaftin bai naushi kowa ba. Tsawarsa ta ƙafe, ya zauna a bencin asibiti yana jinyar wata mata. Yau ya ɓare mata lemo, gobe ya gyara mata filo, jibi ya tsaya a layin karɓar magani. Masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun zagi, ciniki ya faɗi, aka sallami mai zanen. Abin da ba su sani ba, matar nan mahaifiyata ce, Wacera. A kan cinyarsa ya zana shafukan, yana zaune a bencin gaske, ina da shekara huɗu a duniya. Hotunanta duk ambaliya ta cinye su a tsohon gidanmu, don haka fuskar uwata daga alƙalamin Baba na san ta. Shafin ƙarshe yana rataye a falonmu cikin gilashi, sama da talabijin. A ƙofar gidanmu ta ƙarfe kuma, can ƙasa daga dama, ya zana koriyar hawainiyarsa tun ranar da muka tare.

To, shekara uku da suka wuce wani mutum ya ɓulla a intanet yana kiran kansa Mai Kabari. Fuskarsa a rufe da baƙin ƙyalle, gabansa gwangwani cike da yashi. Duk mako sai ya ɗauko fitowar da bai so ba, ya yi mata tatas, ya naɗe ta ya tura cikin yashin, mabiyansa suna shewa. Da ya zo kan Shekarun Benci, sati goma sha tara ya yi yana binnewa. A na ƙarshe ya ce, "Hannun da ya zana wannan, Allah Ya shanye shi."

Wata takwas bayan nan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye.

Likita ya ce hawan jini ne. Gwaggo Wamuyu, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar uwata, ta ce likitan ya riƙe iliminsa. "Bakin ɗan banzan nan ne! Duk ranar da na yi ido huɗu da shi, sai na zauna masa a ƙirji." Kuma in kun ga Gwaggo za ku san wannan ba ƙaramar barazana ba ce. Ni ban taɓa yarda na saurari bidiyon ba, da na ji an kunna nake barin ɗakin. Baba kuwa ba ya wuce ko ɗaya. Sai ya sa abin ji a kunne, ya kwantar da mataccen hannunsa a cinya, ya kalla, ya sake kalla.

Yanzu ku dawo kan Ndiritu, wanda kuka daɗe kuna taya ni so. Malamin lissafi, mai sanyin magana, wanda ya ba ni kujerarsa a matatu, motar haya, ranar da takalmina ya tsinke, ya kuma raka ni har wurin mai gyara. Shekara guda muna tare. Na san yana son Kaftin, to wa ba ya so? Na ce masa babana mai rubuta alluna ne, ban ƙara komai ba. Gwaggo da ta ji labarinsa har rawa ta taka a kicin.

"Shekara ashirin da takwas, Gathigia! Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina kai kanki. In kika bar wannan ya kuɓuce, ki nemi wata gwaggon."

Aka sa ranar da danginsa za su zo sanin gida. Saura sati uku na je wurinsa a unguwar Donholm, ya fita sayo madara, ni kuma na buɗe kabad ina neman sukari. Sai ga gwangwani. Sai ga yashi. Sai ga baƙin ƙyalle a ninke a kai, an goge shi tsaf.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Da ya dawo ya gan ni da ƙyallen a hannu, dariya ya yi har da dafa bango.

"Kin kama ni! Da na so sai bayan biki na faɗa miki, kada ki ce kin auri mahaukaci."

"Kai ne Mai Kabari?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Kada dai ki faɗa wa ɗalibaina."

Na ce, "Me mutanen nan suka yi maka da kake binne aikinsu?"

Wayyo, da na sani ban tambaya ba. Ya ajiye madarar, ya gyara tsayuwa kamar yana gaban aji.

"Ji nan, Gathi. Kaftin ya sha wahala a hannun mutane. Akwai lokacin da suka ba shi kare mai magana, shekara biyu karen nan yana ba da shawara. Akwai Shekarun Sabulu, da wani kamfani ya ɗauki nauyi, kowane faɗa sai ya ƙare da wanki. Akwai sanda suka kai shi duniyar wata ya auri sarauniya mai ido uku. Duk na yafe. Wallahi har karen na yafe masa, don ko ba komai yana cizo. Amma Benci? A'a."

"To idan mutumin yana da dalili fa?"

"Wane dalili?" Dariyar ta bar fuskarsa. "Shekarata tara. A shekarar babana ya fita bai dawo ba. Duk farkon wata nake takawa da ƙafa har kasuwa na sayo, ina cewa wannan karon Kaftin zai tashi. Na buɗe, yana zaune. Wata na gaba, yana zaune. Wata goma sha tara, Gathi. Lokacin da nake buƙatar wani ya tashi tsaye, shi ma sai ya zauna." Ya ɗauki butar shayi. "Na yi wa mabiyana alkawari, duk inda Mai Hawainiya yake sai na zaƙulo shi ya zo gaban kyamara ya ba mu haƙuri."

Na sha shayin nan ban ji ɗanɗanonsa ba. Ku faɗa min, me zan ce? In na faɗa wa Ndiritu, ko kunya ta kore shi, ko ya zo wa Baba da kyamara. In na faɗa wa Baba, likita ya ja mana kunne kan duk abin da zai tayar masa da hankali. In na faɗa wa Gwaggo, sai dai a zo ɗaukar gawa. Gaba kura, baya siyaki. Kuma ina son sa, jama'a. Na so na tsane shi a ranar, na gwada, abin ya ƙi.

Sai na kama lissafi irin na wanda ruwa ya ci. A al'adarmu, ranar sanin gida saurayi ba ya buɗe baki. Zai zauna can gefe, kansa a ƙasa, kawunsa ne zai yi magana daga farko har ƙarshe. To in bai yi magana ba, Baba ba zai gane muryar ba. In kuma bai ga hawainiya ba, shi ma ba zai gane Baba ba. Awa uku kawai nake nema. Bayan nan fa? Ban sani ba. Na ce Allah Zai kawo dabara.

Daren Alhamis na tura masa saƙo: *Don Allah ranar Asabar ko tari kada ka yi. Babana mai tsananin al'ada ne.*

Ya amso: *Ni da baki? Na bar shi a Donholm. Kawu Gitahi ya ce in na yi ko atishawa zai ƙara wa kansa akuya ɗaya a cikin kayan aurena.*

Na tura masa fuskar dariya, hawaye yana ɗiga a kan wayar.

Ranar Juma'a da hantsi Gwaggo ta kai Baba wurin masu motsa masa jiki. Suna fita na ɗauko shuɗin fenti daga cikin kayan aikinsa. Na fara daga saman ƙofar, ina ta jan lokaci, har na iso ƙasa daga dama. Na durƙusa. Hawainiyar tana kallona da ido ɗaya, wutsiyarta a naɗe. Ina 'yar shekara bakwai ni na riƙe masa gwangwanin koren fenti sanda ya zana ta. Shafa uku na yi mata ta ɓace. Daga nan na shiga falo na sauke uwata daga bango, na naɗe ta a tsohon leso, irin zanen da mata ke yafawa, na tura bayan kabad ɗin ɗakina, na rataye kalandar coci a gurbinta.

Da suka dawo, Gwaggo ta tafa hannu. "Kai, 'yar nan ta yi hankali! Ƙofa kamar ta gidan minista." Baba ya tsaya da sandarsa, ya daɗe yana duban ƙasan ƙofar.

"Ya yi kyau, Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Da ya shiga falo ya ɗaga kai ya ga kalanda, na yi saurin cewa gilashin ne ya yi datti, zan goge. Ya gyaɗa kai ya wuce ɗakinsa.

Asabar tun da safe gidan ya cika da ƙamshi. Mukimo, dakakken dankali da masara, tukunya biyu, chapati, gurasarmu ta fulawa, sun kai hamsin, naman akuya yana kan wuta a bayan gida, matan cocinmu suna ta yanka kabeji suna gulmar waɗanda ba su zo ba. Na sa doguwar rigar atamfar kitenge ruwan zuma mai faɗin hannu, na ɗaura ɗankwalinta, na sa 'yan kunnen uwata. Fentin nan kuwa ya ƙi fita daga gefen farcena. Na goga da kananzir, na goga da toka, shuɗin yana nan.

Ƙarfe ɗaya saura suka iso, mota biyu. Ta tagar kicin na hango Ndiritu cikin kwat ruwan toka, yana bin bayan Kawu Gitahi, wani dogon tsoho mai hular fata. Suka wuce ƙofar, bai ko kalli ƙasa ba. Na saki numfashi.

Saƙo ya shigo: *Na ga ƙofa sabuwa. Don ni? Bakina a ɗinke.*

Aka yi addu'a, aka ci abinci, aka sha shayi. Ina jiyo Kawu Gitahi yana zuba zance.

"Mun daɗe muna wucewa ta layin nan, sai muka hango wata 'yar tunkiya mai kyau a garkenku. Muka ce bari mu san gidan, kada wani ya riga mu."

Gwaggo ta ce, "Tunkiyar tamu da digiri take kiwo, ku sani."

Aka kwashe da dariya. Ndiritu shiru. Allah Ya yi masa albarka, ko motsi ban ji ba. Awa biyu suka wuce. Na fara cewa a raina, Gathigia, kin tsallake.

Sai aka kira ni na zo na faɗa ko na san baƙin. Na shiga kaina a ƙasa, na tsaya kusa da kujerar Baba. Kawu Gitahi ya nuna Ndiritu da haɓa.

"'Yata, kin san wannan mai zufar?"

"Na san shi, Kawu."

Mata suka rangaɗa guɗa daga kicin. Baba ya ɗaga hannunsa na hagu, aka yi tsit.

"Ba a gama ba. Kun san gidan, kun san uban, ba ku san uwar ba. Ba a zancen 'yar Wacera, Wacera ba ta wurin." Ya sunkuya da ƙyar, ya jawo wani abu daga ƙarƙashin kujerarsa. Tsohon leso na gani. Ashe ya shiga ɗakina.

Na ce, "Baba, bari na..." Bai saurare ni ba. Ya warware leson da hannu ɗaya, ya jingina gilashin a kan tebur, tsakanin kofunan shayi, fuskar tana duban baƙi. Ga uwata a kan gadon asibiti, idonta a lumshe. Ga Kaftin a benci, ya cire jan mayafinsa ya lulluɓa mata. Ga 'yar hawainiya a ƙafar gadon.

Na kalli Ndiritu ina roƙonsa da ido. Bai ma san ina yi ba. Ya miƙo wuya, bakinsa ya buɗe. Jama'a, kun san masoyan Kaftin. Ka sa su a coci, ka sa su a gaban alƙali, in suka ga shafi sai sun faɗi lambarsa.

"Fitowa ta ɗari biyu da talatin da tara," ya ce. "Shafi na ƙarshe. Wannan ai na asali ne, ga sawun fensir nan! A ina kuka sa..."

Kawu Gitahi ya taka masa ƙafa. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Baba ya juya kansa a hankali, ya karkata kunne kamar yadda yake yi in ya sa abin ji.

"Sake faɗa, yaro."

"Baba, ku gafarce ni, bai kamata na yi magana ba."

"Ka yi kuma. Sake faɗin lambar."

Ndiritu ya sake faɗa, muryarsa tana karyewa. Na ga lokacin da idonsa ya bar hoton ya sauka kan cinyar Baba, kan hannun nan da yake kwance a lanƙwashe. Na ga lokacin da ya gane.

Baba ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi, ya ajiye a kan tebur kusa da hoton. Kofi ɗaya ya kife.

"Ga shi nan. Addu'arka ta ci."

Gwaggo ta miƙe, leson kafaɗarta ya faɗi. "Shi ne? Kiragu, shi ne? Ku sake ni! A gidanmu? Ya ci mana chapati?" Mata biyu suka riƙe ta, ta ja su har tsakiyar falo. Kawu Gitahi yana ta "Me ake ciki ne? Wani ya yi min bayani mana!" Ndiritu ya zame daga kujera ya durƙusa, yana kallon hoton.

"Matar nan... ta gaske ce?"

"Matata ce. Wata goma sha tara ta yi tana mutuwa. Ka yi haƙuri ban samu sukunin zana maka faɗa ba."

Ndiritu ya rufe fuska da hannu biyu. Ni kuwa na durƙusa na kama gwiwar Baba ina kuka, ina cewa bai sani ba, wallahi bai sani ba, a yafe masa. Baba ya dubi hannuwana a kan gwiwarsa. Ya daɗe yana duban shuɗin da ke gefen farcena.

"Na ga alama bai sani ba," ya ce. "Ke fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Sati uku, Baba."

Ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Shekara ashirin da huɗu ana zagin shafukan nan, ban taɓa jin kunyarsu ba. Wannan yaron takarda ya binne, a cikin yashi, kuma bai san ko wace ce ba. Ke kin san ta. Kika naɗe ta a tsumma kika tura bayan kabad." Ya zare gwiwarsa daga hannuna. "Matsa, Gathigia."

Gathigia. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

Ya dogara sandarsa ya tashi. Ya ce wa baƙi su ƙarasa shayinsu, gidan Kiragu ba a korar baƙo. Ya shiga ɗakin kayan aikinsa, ya fito da ƙaramin buroshi a aljihu da gwangwanin koren fenti rataye a yatsa, ya nufi ƙofar gida yana jan ƙafa. Muna kallo ta taga ya sauka ƙasa da ƙyar, a kan sabon wandonsa, daidai inda na durƙusa jiya. Ya yi ta fama da murfin gwangwanin da hannu ɗaya, ya ƙi buɗuwa.

Na yunƙura zan fita, Gwaggo ta damƙe min hannu. "Ina za ki? Bai ishe ki ba?"

Ndiritu ne ya tashi. Bai kalle ni ba, bai kalli kawunsa ba, ya fita. Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, kuma Baba yana zaune a bakinta. Zuciyata ta ce tafiya zai yi, shi ke nan, na rasa su duka biyun. Ya isa ya tsaya a kan Baba, hannunsa a kan sakata.

Sai Baba ya miƙa masa gwangwanin sama, ba tare da ya ɗago ba.

"Buɗe ka riƙe min. Ai ka saba riƙe gwangwani."

Ndiritu ya durƙusa cikin kwat ɗinsa, ya buɗe, ya riƙe da hannu biyu. Baba ya tsoma buroshi da hannun hagu, hannun da bai taɓa zane da shi ba. Layin farko ya karkace, fentin ya zubo a kan shuɗina. Ya sake tsomawa.

Yau kwana huɗu ke nan. Hawainiyar tana nan a ƙofa, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, kanta kamar na ƙadangare. Ndiritu bai amsa saƙona ko ɗaya ba cikin goma sha ɗaya, amma kullum in ya tashi daga makaranta sai ya zo, su zauna da Baba a ɗakin kayan aiki su tura ƙofa. Ban san me suke faɗa ba. Ba wanda ya ce an fasa, ba wanda ya ce ana nan. Gwaggo ba ta yi min magana sai da cokali, ta nuna tukunya, ta nuna tsintsiya.

Ɗazu na kai musu shayi, na ƙwanƙwasa, na ce, "Baba, Uwarka ce."

Sai na ji muryarsa ta bayan ƙofar, a hankali, yana ce wa Ndiritu, "Karɓo mana shayin a hannun yarinyar nan."